Rasit ɗin Harajin Kakana da Shari'ar Omu-Aran

A shagon mahaifina a kasuwar Kachia akwai wata tsohuwar adaka cike da rasit na harajin da kakana ya biya tun zamanin En'e, har zuwa 1979 da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Duk sanda maganar gonarmu ta taso, Baba sai ya nuna adakar ya ce ga shaida nan. Ni ma da haka na taso, sai da na ci karo da wata shari'a jikina ya yi sanyi.

Tun a 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa duka a hannun gwamna, talaka sai dai haƙƙin zama da noma. Haraji kuwa kuɗin hukuma ne, ba kuɗin sayen gona ba. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta shimfiɗa irin wannan tsari a Najeriya baki ɗaya, har wasunmu suka ɗauka shi ke nan, wanda ke noma fili shi ke da shi.

Haka wasu Fulani a yankin Omu-Aran ta jihar Kwara suka fahimta. Mutanen yankin ne suka bai wa iyayensu wuri suna kiwo da noma, suna kai gaisuwa. Da dokar ta fito sai suka kafa allo mai nuna wurin nasu ne, magana ta kai kotu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, amma a 1991 Kotun Ƙoli, a shari'ar Abioye da Yakubu, ta ce dokar 1978 ba ta shafe haƙƙin wanda ya ba da aron ƙasa ba. Shi ma wanda aka ara wa yana da kariya a doka, ba a tayar da shi haka kawai muddin bai musanta masu asalin wurin ba. Wannan ɓangaren ne ba na jin ana faɗa a majalisarmu, alhali duk mun san abin da gardamar filin kasuwa ta jawo a Zangon Kataf a 1992.

Da na bayyana wa Baba, shiru ya yi. Can sai ya ce gobe mu je wurin dattijon da aka yi maganar gonar a gabansa, mu ji ko saye ne ko aro, tun yana da rai.