Fashin baƙi: Mararrabar dogo, ƙarfen da zai nuna ko Rigasa za ta zama tashar kaya

Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Direbansa na iya ƙara gudu, ya rage, ko ya tsaya cik, amma ba shi da ikon karkata jirgi dama ko hagu. Abin da ke sauya wa jirgi hanya yana ƙasa, a jikin dogon kansa, wato mararrabar dogo, inda layi ɗaya ke rabuwa gida biyu. Yawan mararraba, da girmansu, da lafiyarsu, su ne ke bambanta tashar da fasinja ke sauka kawai da tashar da za ta iya karɓar taragan kaya, ta rarraba su, ta sake haɗa su.

Wannan batu ya shafi Rigasa kai tsaye. Tun ranar 26 ga Yuli, 2016, da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kimanin kilomita 186, wanda kamfanin CCECC ya gina da taimakon rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na China, tashar Rigasa da ke ƙaramar hukumar Igabi ta kasance ƙarshen hanya. Idan aka kammala layin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Zawaciki a watan Yulin 2021, Rigasa za ta tashi daga ƙarshen hanya ta koma tsakiya, tsakanin Abuja da kasuwannin Kano, har zuwa Maraɗi idan wancan layin ma ya tabbata.

Yadda mararraba ke aiki

A gefen ciki na kowace ƙafar jirgi akwai wani leɓe da ke riƙe dogo. Mararraba da wannan leɓen take aiki. A bakinta akwai ƙarafa biyu masu tsini da ake kira harsuna, waɗanda ke motsi tare. Idan harshe ɗaya ya manne da dogo, ɗayan ya janye, leɓen ƙafa sai ya bi inda aka buɗe masa. Can gaba akwai wurin da dogon layi ɗaya ke gitta na ɗayan, inda dole a bar ɗan gibi don leɓen ya wuce. Amurkawa suna kiran wannan wuri kwaɗo, Faransawa kuwa zuciya suke ce masa. Daura da shi ana kafa gajerun ƙarafa masu rakiyar ƙafa, don kada ta ɓace a cikin gibin. Sai abin da ke tura harsunan: ko dai injin lantarki da ake sarrafawa daga ɗakin sigina, ko kuma hannun ma'aikaci.

Kowace mararraba tana da lamba, kuma lambar ita ce jigon zaɓi. Mai lamba 9 na nufin layin da ya karkata yana nisanta da miƙaƙƙen layi da mita ɗaya a kowace mita tara. Mai lamba 12 sai ta yi mita goma sha biyu kafin ta ba da mita ɗaya. Ƙaramar lamba kenan kwana mai kaifi, babbar lamba kwana mai laushi. A tsarin layukan dogo na China, inda CCECC ya fito, an saba sanya mai lamba 9 a harabar kaya da layukan ajiye taragai, inda jirgi ba ya wuce kilomita 30 zuwa 35 a sa'a idan zai karkata. Mai lamba 12 ana ba ta layukan da jiragen fasinja ke bi, da gudun kilomita 45 zuwa 50, mai lamba 18 kuma tana ɗaukar kusan 80. Har masu sha'awar ƙera 'yan ƙananan jiragen wasa a Turai da Amurka da wannan lissafi suke fama, sai dai su lamba 4 da 6 suke tattaunawa, domin faɗin ɗakinsu ne iyakar filinsu.

A Rigasa ma maganar fili ce. A ƙaddara ana son shimfiɗa layuka goma a jere, da tazarar mita biyar tsakanin kowane biyu. Da mai lamba 9, kowane layi zai ci mita 45 kafin ya ware sosai. Da mai lamba 12, mita 60. Bambancin mita 15 ne a kan layi ɗaya, amma a kan layuka goma ya kai kusan mita 150 a baki ɗaya, kusan mita 300 idan harabar na da ƙofa biyu. A daji wannan ba komai ba ne. A unguwa mai cunkoson jama'a kamar Rigasa, kowace mita tana iya zama gidan wani, ko gonarsa, da kuma shari'ar diyya. A ɗaya ɓangaren, kwana mai kaifi tana cin harshe da leɓen ƙafa da sauri, musamman ƙarƙashin taragan siminti ko hatsi, kuma idan aka sanya ta a bakin babban layi za ta tilasta wa kowane jirgi mai shiga ya yi rarrafe, ya tare hanya na tsawon lokaci. Shi ya sa injiniyoyi kan haɗa biyun: babbar lamba a inda haraba ke barin babban layi, ƙarama a ciki.

Abin da ya faru a Asham

Lamba ita ce ɓangaren da ake gani a takarda. Ɓangaren da ke ɗaukar rai shi ne kulawa. Layin Abuja zuwa Kaduna layi ɗaya tilo ne, don haka jirage biyu ba sa iya wuce juna sai a tasha, kuma kowace irin wannan tasha a kan mararraba ta dogara. Mafi haɗari ita ce wadda jirgi ke fuskantar tsinin harsunanta. Idan harshe bai manne sosai ba, ko ya motsa alhali jirgi na kansa, ƙafafun gaba za su bi layi ɗaya, na baya su bi wani.

Ranar 26 ga Agusta, 2025, jirgin da ya taso daga Idu zuwa Rigasa ɗauke da mutum 618 ya goce a tashar Asham. Ba a rasa rai ba, amma wasu fasinjoji sun jikkata. Rahoton farko na Hukumar Binciken Haɗurra ta Ƙasa, NSIB, ya nuna cewa na'urar da ke juya harsunan da kanta ba ta aiki, da hannu ake juya su a kulle da wani maƙalin ƙarfe, kuma an tarar da maƙalin a karye. Rahoton ya ce karo na biyu kenan da jirgi ke gocewa a tashar cikin wata 13. Ita kuwa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, binciken cikin gidanta ya jingina laifin ga kuskuren ɗan adam, wato gudu fiye da ƙima da yadda aka taka birkin gaggawa.

Juya harshe da hannu ba aibi ba ne a kan kansa. A can cikin harabar kaya, inda taragai ke tafiyar hawainiya, ƙasashe da dama na amfani da shi, kuma a wurin da lantarki ba tabbas, ga ɓarayin waya da ƙarafa, yana iya zama zaɓi mafi hankali. Aibin shi ne mararrabar da aka saya da kuɗin rance don ta yi aiki da inji a babban layi, ta koma hannu saboda inji ya mutu ba a gyara ba. Ƙurar hunturu na toshe faifan da harshe ke zamewa a kai, zafin bazara na miƙar da ƙarfe, damina na zaizaye tsakuwar ƙarƙashi. Tashar fasinja na iya rayuwa da mararraba kaɗan. Harabar kaya na buƙatar gommai, kowace da man shafawarta, da kayan gyaranta, da mai duba ta.

Akwai kuma abin da babu mararrabar da za ta iya warwarewa cikin sauƙi. Tsohon layin da Turawan mulkin mallaka suka kai Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon na Rigasa kuwa 1,435. Tashar tsandauri ta Kaduna, wadda aka buɗe a watan Janairun 2018, tana Kakuri, kudu da kogi, a jikin tsohon layi. Taragon da ya tsaya a Rigasa ba zai iya taka dogon Kakuri ba. Ko dai a sauke kwantena a ɗora wa tirela ta ratsa gari, ko a ja sabon reshe zuwa can, ko a shimfiɗa dogo mai ƙarfe uku da zai ɗauki faɗin biyu. Tazarar milimita 368 da ke tsakaninsu ta isa a yi hakan, kuma an yi a Ostareliya, sai dai mararrabar irin wannan layi ta fi kowace tsada da wuyar kulawa.

Tun watan Maris na 2023, da aka gyara kundin tsarin mulki aka mayar da harkar jiragen ƙasa cikin jerin abubuwan da jihohi ma ke da hurumi a kansu, amsar waɗannan tambayoyi ba ta Abuja kaɗai ba ce. Gwamnatin Jihar Kaduna na da damar shiga maganar reshen da zai haɗa Rigasa da Kakuri, kuma majalisar dokokin jihar na iya neman ganin taswirar harabar kafin a fara auna gidajen mutane. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa NRC ya tambayi mararraba nawa ne ke tsakanin Idu da Rigasa, nawa ne injinsu ke aiki a yau, da ranar da aka duba kowace ɗaya. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.