Harafi Ɗaya Da Ya Raba Malamai

Jama'a, mu mazauna Sangere babu wanda bai san sunan Modibbo Adama ba, wanda ya kafa Yola a 1841. Modibbo kuwa da Fillanci malami ke nan. To, wane irin karatu malaman wancan zamani suke yi kafin su hau buzun shari'a?

A zaurukan ƙasar Hausa da na Fombina, ɗalibi yakan haɗa fiƙihu da nahawu. Yana biya Risala da Muhtasar, yana kuma biya Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, da kansa ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, da Hisnur Rasin a kan sarfu.

Me ya sa suka sha wannan wahala? Mu duba alwalar da muke yi kullum. A aya ta 6 ta Suratul Ma'ida, inda aka ambaci shafar kai, akwai harafin "ba". Malaman Shafi'iyya suka ce harafin nan yana nuna sashe, saboda haka shafar wani ɓangare ta wadatar. Namu na Malikiyya suka ce ƙarfafawa kawai yake yi, sai a shafe kai gaba ɗaya. Ka ji hukunci biyu daga harafi ɗaya.

Yau kuma yaro zai karanta fassara da safe, da yamma ya kafirta maƙwabcinsa. Don Allah mu mayar da yaranmu gaban malaman nahawu tukuna. Allah ya sa mu dace, amin.