Peugeot 504 da darasin waya: me ya sa gano cuta ke gaba da magani?

Idan ka taɓa ratsa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake cinikin kayan gyaran mota, mai yiwuwa ka ga tsohuwar Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo, an buɗe mata gaba ana laluben wayoyinta. An fito da motar nan a Faransa a 1968. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Najeriya shekaru da dama bayan Turai ta daina. Ita ce ta zama motar ma'aikata, ita ce tasin Kano zuwa Katsina.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, wato kafar da ake jona na'ura ta karanto matsala daga kwamfutar mota. Tsohuwar 504 ba ta da wannan. Mai gyara ne kwamfutar, da fitilar gwaji da mita.

Wutar mota kewaye take yi: ta fita daga batir ta bi waya zuwa fitila, sannan ta dawo ta ƙarfen jikin motar. A 1827 Georg Ohm, masani ɗan Jamus, ya nuna cewa idan turjiyar hanya ta ƙaru, wutar da ke wucewa sai ta ragu. Zafin bazara na busar da robar waya ta tsattsage, ƙurar hunturu ta shige mahaɗa, damina ta kawo tsatsa. Ka ga kenan, tsatsa ɗaya a wurin da fitilar baya ke manne da jiki ta isa: ka kunna sigina, fitilar birki ta kama ƙiftawa, domin wuta ta rasa hanyar komawa ta nemi wata. Mai gaggawa sai ya canza ƙwan fitila, matsala tana nan daram.

Mafi haɗari shi ne fiyus. An yi shi ne ya narke kafin waya ta ɗauki zafi. Wanda ya ɗaure gurbinsa da zaren waya ya kori mai gadi ne kawai. Ranar da wayoyi suka haɗu, gobara ce.

Sanin tarihin motar ma aiki ne. Volkswagen Beetle ta kafin 1967 galibi mai bolt 6 ce, ba 12 ba. Motocin Ingila da yawa kafin tsakiyar shekarun 1960 kan fositif na batir suke haɗawa da jiki, akasin na yau. Ka juya batir a motar da ke da altaneta, nan take za ka iya ƙona ta.

Shi ya sa gwani ba ya fara da almakashi. Zai tambaye ka yaushe abin ya soma. Zai auna batir: cikakke yana ba da kusan bolt 12.6, idan inji na aiki ya kai wajen 14. Sai ya bi hanya gaɓa-gaɓa har inda wuta ta ɓace. Idan ka kai tsohuwar motar mahaifinka gareji aka ce a sake wayoyi gaba ɗaya, ka tambaya: me aka auna, kuma nawa mita ta nuna?