Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Borno: Daga En'e Zuwa Sakatariyar Musa Usman

A da, En'e, wato hukumar gargajiya, ce ƙofar aiki a ƙasar Borno, kuma wanda fada ta aminta da shi ne yake zama malamin haraji ko magatakarda. A 1954, da aka raba aikin gwamnati tsakanin tarayya da yankuna, Jihar Arewa ta samu hukumar ɗaukar ma'aikata tata a Kaduna. Manufar a fili take: a cire naɗi da ƙarin girma daga hannun mutum ɗaya, a damƙa wa mambobin hukumar da ba sa jiran albarkacin kowa. Da Janar Gowon ya ƙirƙiro Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Maiduguri ta zama hedikwata a ƙarƙashin Gwamna Musa Usman, wanda sakatariyar jihar ke ɗauke da sunansa har yau. Borno ta gaji wannan tsari a 1976, ta kuma raba ma'aikatanta da Yobe a 1991.

Tun daga nan, duk lokacin da aka rage wa hukumar ƙarfi, aikin ne ke shan wuya. Korar da gwamnatin Murtala ta yi wa dubban ma'aikata a 1975 ta koya wa ma'aikaci cewa kujerarsa ba ta da tabbas, sai ya koma neman ubangida. Garambawul ɗin Babangida na 1988 ya miƙa wa ma'aikatu yawancin ikon ɗauka da ƙarin girma, har sai da kwamitin Allison Ayida ya ba da shawarar a warware shi. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 197, ya sake kafa hukumar da ƙafafunta a kowace jiha. Amma dubi inda hannunta bai kai ba. A 2022, gwamnatin Babagana Zulum ta gwada malaman firamare 17,229 da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi suka ɗauka, 5,439 kacal aka samu sun cancanci shiga aji. Wannan shi ne amfanin gonar da takardar "ɗan wane ne" ta shuka.

Akwai masu cewa idan jarrabawa ce kaɗai ma'auni, 'ya'yan birni za su kwashe guraben, a bar yaran Abadam da Marte da Gwoza, waɗanda rikicin Boko Haram ya ƙone musu makarantu. Maganarsu tana da nauyi, kuma tsarin mulki kansa ya wajabta wa jiha ta tafi da kowane ɓangare nata. Sai dai rabon gurabe tsakanin ƙananan hukumomi 27 bai hana a yi jarrabawa a cikin kowane kaso ba. Ɗan Marte da ya fi 'yan'uwansa ƙoƙari shi ake zalunta idan aka ba wa ɗan mai unguwa gurbinsa a ɓoye. Don haka a riƙa shelar gurabe a rediyo, da Kanuri da Hausa da Babur, a kuma liƙa makin kowa a allon sakatariya.