Tarihin Lamunin Cizon Kare da Haƙƙin Ƙananan Yara

Tun daga lokacin da 'yan Adam suka fara zaman gari, suka gina ganuwa, suka naɗa alƙalai, akwai wata mas'ala da ba ta gushe ba tana komowa gaban masu shari'a ƙarni bayan ƙarni, ita ce idan dabbar da mutum ya ajiye domin amfanin kansa ta yi wa wani ta'adi, wa za a kama. Dabba dai ba ta da hankalin da za a tuhume ta da shi, ba ta da dukiyar da za ta biya diyya, ba a kuwa rantsar da ita; saboda haka tilas hukunci ya nemi wuyan da zai rataya a kansa. A cikin dabbobin gida kuwa babu wadda ta wahalar da malaman shari'a kamar kare, domin shi ne ya haɗa haƙoran naman daji da ƙarfin kayar da mutum, alhali kuwa yana kwana a tsakar gidan da 'ya'yan mutane suke rarrafe.

A shekarun 1945 da 1947 masu haƙar kayan tarihi na ƙasar Iraƙi suka tono wasu alluna biyu na yumɓu a Tell Harmal, daura da Bagadaza, ɗauke da dokokin daular Eshnunna, waɗanda aka rubuta kusan shekara dubu huɗu da suka wuce, gabanin dokokin Sarki Hammurabi na Babila. A cikinsu an hukunta cewa idan kare ya zama mai cizo, hukumar unguwa ta sanar da mai shi, shi kuwa bai tsare shi ba har ya ciji mutum ya mutu, to, mai karen zai biya shekel 40 na azurfa, in kuwa bawa ne ya mutu, shekel 15. Haka suka hukunta game da sa mai tunkuyi, katangar da ta karkata aka gargaɗi mai ita bai gyara ba kuwa, in ta kashe mutum, laifi ne na rai da sarki ke yanke hukuncinsa. Abin lura a nan shi ne sharaɗin gargaɗi: ba a kama mutum sai an tabbatar ya san halin dabbarsa. Wannan sharaɗi, wanda yake da fuskar adalci ga mai dabba, shi ne ya yi ta bin shari'o'in duniya har zuwa zamaninmu.

Mutanen Yunan da Rum ma ba su bar mas'alar ba. Masanin tarihi Plutarch ya ruwaito cewa Solon, mai tsara dokokin birnin Atina, ya wajabta a miƙa karen da ya ciji mutum da gungume mai tsawon kamu uku a wuyansa. A Rum, masu kula da kasuwanni da tituna sun hana a ajiye kare ko gadu ko zaki a wurin da jama'a ke wucewa ta yadda zai cutar da su. Kuma a birnin Pompeii, wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79 Miladiyya, har yau ana ganin hoton baƙin kare ɗaure da sarƙa a daɓen ƙofar wani gida, tare da rubutun da ke gargaɗin mai shigowa. Duk waɗannan tanade-tanade baƙo suke dubawa, da mai wucewa a hanya. Na cikin gida kuwa yana ƙarƙashin ikon uban gida, shari'a ba ta leƙa shi.

Da Musulunci ya zo, sai ya faro mas'alar daga wani wuri dabam, wato daga tambayar ko ya halatta a ajiye karen tun da farko. Hadisan da Buhari da Muslim suka fitar sun yi izini da karen farauta da na kiwo da na gona, suka kuma bayyana cewa wanda ya ajiye kare ba don ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu ba, ana tauye masa lada kowace rana. Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 Hijiriyya, ya tabbatar da wannan a cikin Risala, littafin da ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Damagaram, inda ya hana ajiye kare a gidajen birni da na ƙauye in ban da buƙatun nan. Amma masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ta wannan ƙofa ta lalura ce malaman baya suka sauƙaƙa game da karen gadi.

Sauƙaƙawar kuwa ba ta ɗauke lamuni ba. Ko da yake asalin ƙa'ida ita ce raunin da dabba ta yi da kanta, ba da sakacin kowa ba, babu biya a cikinsa, fuƙaha'un Malikiyya sun keɓe kare mai cizo da hukunci na musamman. An ruwaito a cikin Mudawwana cewa wanda ya ajiye irin wannan kare a wurin da ya halatta masa, kamar gona ko garke, ba ya lamuni sai an riga an gargaɗe shi. Wanda kuwa ya ajiye shi a wurin da bai halatta ba, kamar gidajen zama, alhali ya san halinsa, to, ya lamunci duk abin da ya ɓata ba tare da jiran gargaɗin kowa ba. Shehu Halil, a cikin Muhtasar, ya jera wannan tare da haƙa rijiya da ɗaure dabba a kan hanya a babin jini: in mai karen ya nufi cutar da wani mutum ayyananne kuma ya halaka, sai ƙisasi, in ba haka ba, diyya. Hikimar da ke cikin wannan rarrabewa babba ce, domin malamanmu sun gane tun da wuri cewa gidan zama, inda mata da yara suke kai da kawowa, shi ne wurin da haɗarin kare ya fi tsanani, don haka a can ne nauyin mai shi ya fi girma.

A Ingila, ƙasar da ta shahara da mayar da kare ɗan gida, al'amarin ya bi wata doguwar hanya mai cike da darasi. Alƙalanta sun daɗe a kan ƙa'idar cewa ba a kama mai kare sai an tabbatar ya san karensa na da mugun hali, har jama'a suka riƙa cewa kowane kare yana da cizo ɗaya na kyauta. A shari'ar Mason da Keeling ta 1699, wani babban kare ya yayyaga mutum a kan titi a Landan, amma ƙarar ta faɗi saboda ba a nuna mai shi ya san yana cizo ba. A 1747, a shari'ar Smith da Pelah, Babban Alƙali Lee ya hukunta cewa wanda karensa ya taɓa cizo, ya sani, ya ci gaba da sakinsa, shi ke da alhakin cizo na biyu ko da wanda aka ciza taka ƙafar karen ya yi. Sa'an nan a 1865 majalisar ƙasar ta ɗauke sharaɗin sani game da karen da ya raunata shanu ko tumaki, ta bar shi game da mutum. Ma'ana, manomin da aka kashe wa tunkiya yana samun haƙƙinsa kai tsaye, uban da aka yage wa fuskar ɗa kuwa sai ya kawo hujjar cewa karen ya taɓa nuna halinsa. Wannan kuwa alhali a Faransa, tun 1804, kundin dokokin Napoleon ya ɗora wa mai dabba lamunin ɓarnarta, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce masa.

A daidai wannan ƙarni na 19 ne matsayin kare ya sauya a biranen Ingila: an haramta wasan haɗa karnuka da bijimai faɗa a 1835, an yi bajekolin karnuka na farko a Newcastle a 1859, kare ya tashi daga bayan gida ya shigo falo, daga falo ya kai ɗakin kwanan yara. Dokar 1871 ta ba alƙalan majistare ikon umartar a tsare kare mai haɗari ko a kashe shi. A 1991, bayan jerin hare-hare, ciki har da wanda wani kare ya kai wa yarinya 'yar shekara 6 a Bradford, majalisa ta yi gaggawar kafa dokar karnuka masu haɗari, ta haramta iri huɗu, wato Pit Bull Terrier, da Tosa na Japan, da Dogo Argentino, da Fila Brasileiro, ta kuma mayar da sakin kare ya fi ƙarfin mai shi laifi na hukunci. Sai dai dokar ta taƙaita ga wuraren jama'a da wuraren da karen ba shi da izinin shiga. Gidan mai shi bai shiga ciki ba.

Shekara ashirin da biyu wannan giɓi yana nan, yara suna mutuwa a ɗakunan kakanni da na dangi, har zuwa watan Maris na 2013, lokacin da karnuka suka kashe wata yarinya 'yar shekara 14 a gidan su ƙawarta a garin Atherton, kuma aka rasa hanyar gurfanar da matar da ke da karnukan a kan ran da aka rasa, sai dai a kan wulaƙanta dabbobin da ta yi. Iyayen yarinyar suka tsaya kai da fata, jama'a suka mara musu baya, aka gyara dokar a watan Mayu na 2014 ta haɗa da cikin gida, aka kai hukuncin wanda karensa ya kashe mutum zuwa ɗaurin shekara 14, wanda ya raunata kuwa shekara 5. Daga bisani, a farkon 2024, aka ƙara irin da ake kira XL Bully cikin waɗanda ba a mallaka sai da takardar izini. Masana da yawa a can suna ganin lissafa iri ba ya wadatarwa, domin kowane kare mai haƙori yana iya cizo, kuma tarbiyyarsa da tsaronsa a hannun mutum suke.

Dalilin da ya sa wannan jinkiri na shari'a ya fi cutar da yara a fili yake ga duk wanda ya lura. Tsayin ɗan shekara biyu ko uku daidai yake da bakin babban kare, saboda haka cizon da zai sami baligi a ƙwauri ko a hannu, yaro a fuska da wuya da kai yake samunsa. Kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa galibin ƙananan yaran da ake ciza, karen da suka sani ne yake cizonsu, a gidansu ko gidan maƙwabta. Yaro yana rungumar kare, yana jan jelarsa, yana sa hannu a kwanon abincinsa, yana tashinsa daga barci, yana ɗaukar ɗan kwikwiyo a gaban uwarsa, ba tare da ya san ma'anar gurnani ko sanƙarewar jiki ba. Har ma masu bincike a Jami'ar Lincoln sun gano cewa ƙananan yara da yawa, in suka ga kare ya yage baki ya fito da haƙora, sai su ɗauka murmushi yake yi. Sharaɗin gargaɗi an gina shi ne a kan zaton cewa cizon farko ƙarami ne, wanda za a ɗauki izina da shi; ga jariri kuwa sau da yawa cizon farko shi ne na ƙarshe.

A ƙasashenmu akwai ƙarin musiba, ita ce ciwon haukan kare. Tun ranar 6 ga Yuli 1885, da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura a Faris ya tsira, duniya ta san rigakafin wannan cuta, Ingila kuwa ta kawar da ita ta hanyar tilasta sa wa karnuka takunkumi da killace masu shigowa daga waje. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, waɗanda sukan ɓoye ƙaramin cizo ko yaƙushi don tsoron faɗa. Wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15, da garzayawa asibiti a fara allura kafin alamu su bayyana, shi ne bambancin rai da mutuwa; yi wa karen allurar rigakafi a wurin likitan dabbobi kuwa wajibi ne a kan mai shi.

A da, karen ƙasar Hausa na mafarauta ne da makiyaya da masu gona, yana da aikinsa da wurinsa a bayan gari. Yau tsoron ɓarayi ya sa magidanta a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai suna sayen manyan karnukan ƙasashen waje suna sakinsu a harabar gida, alhali al'adarmu ba ta sauya ba: yaran maƙwabta suna shiga gida ba sallama, almajiri yana leƙowa da ƙoƙonsa, 'yar talla tana tura ƙofa. In aka yi magana sai mai gida ya ce karensa ba ya cizo, ya saba da yara, in kuwa abu ya faru sai a ce tsautsayi ne. Amma sabo turken wawa ne, kuma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa diyya a gaban alƙali ba. Yaro ba mukallafi ba ne, kare ma ba mukallafi ba ne, saboda haka idan su biyun suka keɓe a wuri ɗaya, babu hankalin da ke tsakaninsu sai na baligin da ya haɗa su, kuma shi ne abin tambaya duniya da lahira. Wanda lalura ta sa ya ajiye kare, to, ya gina masa keji mai ƙofa da sakata, ya ɗaure shi da rana, ya ciyar da shi nesa da yara, ya yi masa allurarsa a kan lokaci, ya sanar da maƙwabta, kuma kada ya bar shi da ƙaramin yaro su kaɗai ko da na ɗauko ruwa a randa ne, komai daɗewar karen a gidan. In ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, izinin da malamai suka bayar domin lalura bai shafe shi ba, kuma abin da ya wajaba a kansa shi ne ya rabu da karen tun yaransa da na maƙwabtansa suna lafiya.