Daga Na'ibi zuwa "Nabob"

Duk Bahaushen da ya taɓa bin sallah a bayan na'ibin liman ya san tushen kalmar Ingilishi "nabob", ko da bai taɓa jin ta ba. Na'ibi kalmar Larabci ce mai nufin wakili. Jam'inta, "nuwwab", shi ya zama "nawab" a daular Mughal ta Indiya, laƙabin gwamnan da ke riƙe da lardi a madadin sarki. Turawa suka ɗauke ta, suka lanƙwasa ta daidai harshensu.

Mai fassara zai so ya ce attajiri ko hamshaƙi, amma a ganina hakan ya zubar da rabin ma'anar. Attajiri daga "tajir" ya fito, wato ɗan kasuwa, kuma wanda aka kira haka ba ya jin an zage shi. "Nabob" kuwa zargi ce. A ƙarni na 18 mutanen Ingila sun laƙaba ta wa ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya da suka tafi ba su da ko sisi, suka komo da dukiyar da ake shakkar halascinta. Robert Clive ne babban misali. Bayan yaƙin Plassey a 1757, inda ya kayar da Siraj ud-Daulah, nawab na Bengal, ya karɓi fam 234,000 daga hannun Mir Jafar, mutumin da ya ɗora a kan gadon sarautar. Sai ga laƙabin wanda aka tumɓuke ya koma kan wanda ya tumɓuke shi.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin zagin. Yunwar 1770 ta kashe miliyoyin mutane a Bengal, amma abin da ya fi ƙona ran masu tsohon arziki a Ingila shi ne ganin sababbin masu kuɗi suna sayen gandaye da kujerun majalisa, suna neman auren 'ya'yansu. A wasan kwaikwayon Samuel Foote na 1772, Sir Matthew Mite, "nabob" ɗin wasan, abin dariya ne saboda kuɗinsa sun fi asalinsa. Da aka zo bincike da shari'a kuwa, majalisa ta wanke Clive a 1773, ta wanke wani babban ma'aikacin kamfanin, Warren Hastings, a 1795.

Shi ya sa da Indiya ta fita daga kalmar, raini ne ya saura a cikinta. A 1970 mataimakin shugaban Amurka, Spiro Agnew, ya jefi masu sukar gwamnatin Nixon da ita, ba tare da ya ambaci dukiyar kowa ba.