Rubutu da Hadda: Tarihin Wata Tsohuwar Gardama

Tsoron cewa rubutu zai raunana hadda ba yau ya soma ba. Wajen shekara 370 kafin haihuwar Annabi Isa, Aflatun, masanin ƙasar Girka, ya kawo labarin wani sarkin Masar da aka nuna wa rubutu. Sarkin ya ce mantuwa zai haifar, domin mutane za su dogara ga alamomi, su daina riƙewa da ka.

An daɗe ana jan wannan magana ba tare da gwaji ba. A shekarun 1970 Sylvia Scribner da Michael Cole suka bincika ta a tsakanin al'ummar Vai ta Laberiya, sakamakon kuwa ya fito a 1981. Vai suna da rubutu iri uku: nasu na gaɓoɓi, wanda Momolu Duwalu Bukele ya ƙago wajen 1833, ana koyonsa ba a makaranta ba, Larabci na makarantar allo, da Ingilishi na boko. An tarar iya rubutun Vai bai sauya ƙarfin tunawa gaba ɗaya ba. Almajirai kuwa sun yi fice wajen riƙe kalmomi a jere idan ana ƙara su ɗaya bayan ɗaya, watau yadda ake hadda, amma fifikon bai shafi kowane irin gwaji ba.

Binciken baya ya ƙarfafa wannan. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, masu haddace hanyoyin birnin, wani sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da sanin wurare ya fi na sauran mutane girma. A 2011 Betsy Sparrow da abokan aikinta suka ga waɗanda aka gaya wa kwamfuta za ta ajiye bayani ba su riƙe shi kamar waɗanda aka ce za a share musu ba.

Ke nan ƙwaƙwalwa tana ƙarfi a inda aka sa ta aiki, tana sakin abin da ta san yana ajiye. Allonmu shaida ne: ana rubutawa don a haddace, sa'an nan a wanke. Littafin bashi kuwa ajiye shi ake yi. Ya kamata masu tsara karatun manya su tantance tun farko abin da ɗalibi zai riƙe da ka, kamar ƙa'idojin lissafi, da abin da zai bar wa takarda.